Taba sigari: illolinta ga jiki da hanyar rabuwa da ita

Taba tsiro ce mai faɗin ganye wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida a ƙasar Hausa. Tun kafin sigari ya shigo, ana busa ta a lofe, ana niƙa ta da kanwa a zuba a baki ko a shaƙa, mata kuma suna goga furenta a haƙori tare da goro. A shekarar 1959 kamfanin Nigerian Tobacco Company ya buɗe masana'antarsa a Zariya, noman taba kuma ya zama hanyar samun kuɗi ga manoma da dama a ƙasar Zazzau. Kamfanin ya haɗe da British American Tobacco a 2000.

A yau Ikara ta fi suna da tumatir, Makarfi da rake da mazarƙwaila, Kudan kuma da rake da inabi. Sai dai taba ba ta bar yankin ba. Tana nan a kan teburin mai tireda a bakin tasha, a gefen mai shayi, da rumfunan kasuwa, kuma yawanci kara-kara ake sayenta. Wannan sayen na ɗai-ɗai shi ke sa mai sha ya ɗauka cewa nasa shan bai taka kara ya karya ba, tunda bai taɓa sayen kwali ba.

Yawan masu sha

Binciken ƙasa da aka gudanar a 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin ɗari na manya a Najeriya suna amfani da wani nau'in taba, wato kimanin mutum miliyan 4.5. A cikin maza kashi 10 ne, a cikin mata kuwa kashi 1.1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su sha, hayaƙin wasu suke shaƙa.

Abin da hayaƙin ke yi

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Uku ne suka fi muhimmanci a sani. Nikotin shi ne mai kama mutum: yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan da zuƙa, ya ba da ɗan jin daɗi, ya gushe, ya bar jiki yana neman ƙari. Kwalta ita ce baƙin danƙon da ke maƙalewa a huhu, tana kashe ƙananan gasun da ke share hanyoyin numfashi. Iskar kabon monoksaid kuwa tana ƙwace gurbin iskar oksijin a cikin jini, dole zuciya ta ƙara aiki domin ta ciyar da jiki.

Mafi yawan masu ciwon dajin huhu taba ce sanadinsu, abin da likitocin Ingila Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna tun 1950. Tana kuma da hannu a dajin baki, maƙogwaro, mafitsara, ƙoda da bakin mahaifa. Tana tauraro jijiyoyin jini, tana sa jini saurin daskarewa, daga nan ake samun toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga mai hawan jini ko ciwon sukari, sigari ƙarin itace ne a wutar da ta riga ta kama. Raunin mazakuta ma yana cikin illolin, domin shi ma lamari ne na gudanar jini, ko da yake ba kasafai ake faɗar haka a majalisa ba.

Akwai abin da ya fi shafar wannan yanki. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka, kuma Cibiyar Horaswa ta Ƙasa kan Tarin Fuka da Kuturta tana Saye, kusa da Zariya. Mai shan taba ya fi saurin kamuwa da cutar, ta fi yi masa tsanani, kuma ta fi saurin dawo masa bayan magani. Haɗarin da ya fi wannan shi ne mashayi ya saba da tari, sai ya ce ai tarin taba ne ko ƙurar hunturu, har cutar ta ci jiki ta kuma yaɗu a gida. Duk tarin da ya kai mako biyu gwaji yake buƙata, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Manomin da ke feshin maganin ƙwari a gonar tumatir ko barkono, idan ya kunna sigari bai wanke hannu ba, yana haɗa guba biyu ne ya kai bakinsa.

Kara ɗaya ba kaɗan ba ne

Hankali zai ba mutum cewa wanda ke shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kashi ɗaya cikin ashirin na haɗarin mai shan kwali guda. A ɓangaren zuciya ba haka abin yake ba. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike 141, ya gano cewa mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da na shanyewar ɓarin jiki na mai shan kara 20. Dalili kuwa shi ne hayaƙi kaɗan ya isa ya ɓata bangon jijiya ya sa jini kauri. Saboda haka ragewa mataki ne kawai a kan hanyar bari, ba masauki ba ne.

Wannan dalilin ne ya sa hayaƙin da na kusa ke shaƙa yake da lahani. Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da mai sha sun fi yawan ciwon kunne, asma da ciwon huhu. Mai juna biyu da ke sha ko ke shaƙa tana iya haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi.

Sauya salo ba ya fitar da mutum. Ruwan da ke cikin tulun shisha sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya tace guba, gawayin da ake ɗora mata ma ƙarin kabon monoksaid ne. Taba gari ta baki ko ta hanci ba ta da hayaƙi, amma tana da nikotin, tana cin dasashi, tana kuma jawo dajin baki.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005. Dokar ƙasa ta 2015, tare da ƙa'idojin aiwatarwa na 2019, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sha a wurare irin su asibiti, makaranta, ofis da motar haya, ta kuma wajabta hotunan gargaɗi a jikin kwali. Ta haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai a kwali mai kara 20. Wannan sashe shi ne aka fi takewa, kuma shi ne ya fi amfani: wanda ya sayi kara ɗaya ba ya ganin hoton gargaɗin, yaro kuma da canjin aike ya isa ya fara.

Abin da jiki ke samu bayan bari

Richard Doll da abokan aikinsa sun bi diddigin dubban likitocin Birtaniya daga 1951 zuwa 2001. Sun gano cewa mai sha har ƙarshen rayuwarsa yana rasa kimanin shekara 10 idan aka kwatanta da wanda bai taɓa sha ba. Wanda ya bari yana da shekara 30 yana dawo da kusan dukkansu, mai 40 yana dawo da 9, mai 50 yana dawo da 6, mai 60 ma yana samun 3.

Sauƙin yana farawa da wuri. Cikin minti 20 bugawar zuciya da hawan jini suna sauka. Cikin awa 12 kabon monoksaid na jini yana komawa daidai. Daga mako 2 zuwa 12 gudanar jini da aikin huhu suna inganta, tari da haki kuma suna raguwa cikin watanni. Bayan shekara ɗaya ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da rabi, bayan shekara 10 haɗarin dajin huhu ya koma kusan rabin na mai ci gaba da sha. Akwai kuma lissafin aljihu, wanda ɗan kasuwa ba ya buƙatar a yi masa bayani: kara 10 a rana kara 3,650 ne a shekara, fiye da kwali 182.

Yadda ake bari

Wahalar gaskiya ce, ba rashin zuciya ba ne. Ƙaiƙayin sha, saurin fushi, ciwon kai, rashin barci da yawan jin yunwa sun fi tsanani a makon farko, sannan su lafa cikin mako 2 zuwa 4. Kowane tashin sha'awa mintuna kaɗan yake ɗauka ya wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Abin da ake so shi ne a tsallake waɗannan mintuna da shan ruwa, asuwaki, tafiya ko jan dogon numfashi.

Ana sa rana cikin mako biyu masu zuwa, a sanar da iyali da abokai, a zubar da sauran kara da ashana. Sai mutum ya gane lokutan da suka saba kiransa, kamar bayan cin abinci, wurin mai shayi, jiran fasinja ko doguwar tafiya da dare, ya sauya musu tsari na ɗan lokaci. Watan Ramadan dama ce, tunda mai azumi yana yin fiye da awa 12 ba tare da nikotin ba, muddin ba zai rama bashin bayan buɗa-baki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shawarar ma'aikacin lafiya tare da magani na iya ninka yiwuwar nasara fiye da sau biyu. A jagorar da ta fitar a 2024 ta amince da cingam da filastar nikotin, da magungunan varenicline, bupropion da cytisine. Ƙwayoyin sai da umarnin likita, musamman ga mai juna biyu, mai farfaɗiya ko mai ciwon ƙoda. Mazauna Ikara, Makarfi da Hunkuyi za su iya fara tambaya a asibitin gwamnati mafi kusa, inda ake tura masu larurar huhu ko zuciya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Mafi yawan waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Wanda ya zame ya sha kara ɗaya, abin yi shi ne ya duba abin da ya ja shi, ya sake sa rana nan kusa. Wanda kuma yake tofar da jini, ko yake jin ciwon ƙirji, ko yake rama ba dalili, ko yake da gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ya ga likita nan take ba sai ya jira ranar da ya sa ba.