Spiros Simitis da sana'ar tsare sirrin jama'a

Wata safiya saƙo ya shigo wayata daga wani kamfanin bayar da bashi ta intanet, wai ƙanena ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu. Kafin azahar gwaggonmu ta kira ni tana kuka, ita ma saƙon ya same ta. Ashe ranar da yaron ya karɓi kuɗin ne suka kwashe duk lambobin da ke cikin wayarsa. Tun daga nan nake bin diddigin wanda aka ɗora wa alhakin hana irin wannan tonon asiri, har binciken ya kai ni jihar Hessen ta ƙasar Jamus.

A 1970 majalisar jihar ta kafa dokar farko a duniya ta kare bayanan mutane. Lokacin gwamnati na tattara bayanan jama'a a manyan kwamfutoci a birnin Wiesbaden, su kuwa Jamusawa ba su manta ba: a ƙidayar 1939 an tambayi kowa ko akwai Bayahude cikin kakanninsa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Cikin waɗanda suka tsara dokar akwai wani malamin shari'a na Jami'ar Frankfurt, Spiros Simitis, haifaffen Atina a 1934, yayan Kostas Simitis da ya zama firaministan Girka daga baya. Dokar ta ƙirƙiro muƙamin da ba a taɓa yin irinsa ba: jami'in da majalisa ke zaɓa, ba wanda ke ba shi umarni, aikinsa ya sa wa gwamnati ido kan bayanan mutane, duk shekara ya kai wa majalisa rahoto. Willi Birkelbach ya fara hawa kujerar, Simitis ya gaje shi a 1975, ya riƙe ta har 1991.

Wannan 'yancin ne ya fi ɗaukar hankalina. Gwamnati ke biyan mutum albashi, amma yana da ikon buɗe kundinta ya tambaye ta dalilin ajiye sunan wane. A zamanin Simitis ne, a Disamban 1983, kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma ta soke wasu sassa na dokar ƙidaya, ta ce kowane mutum ke da iko da bayanan kansa. Sai a 1987 aka yi ƙidayar. Simitis ya rasu a 2023.

A shekarar ce, a watan Yuni, Najeriya ta samu dokarta da hukumar kare bayanai, bayan ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019. Na yi murna ƙwarai, don yanzu irin su ƙanena suna da ƙofar da za su kai kuka. Abu ɗaya ke damuna: shugaban ƙasa ke naɗa kwamishinan hukumar kare bayanan bisa shawarar minista, alhali lambar NIN ɗinmu da zanen yatsunmu suna hannun gwamnatin da aka ce ya sa wa ido.