Ahmad Ibn Fadlan: Jakadancin Bulgar da Nauyin Amana

A watan Safar na shekarar 309 bayan Hijira (921 Miladiyya) wata tawaga ta tashi daga Bagadaza da umarnin Halifa Muƙtadir, ta nufi ƙasar Bulgar da ke bakin kogin Bolga, a cikin Rasha ta yau. Sarkin ƙasar, Almish, shi ne ya aiko yana roƙon malaman da za su koyar da mutanensa addini, da taimakon gina masallaci da ganuwar da za ta kare shi daga Hazarawa, waɗanda suka ɗora masa jangali. Sausan Arrassi ne jagoran tawagar, amma karanta wasiƙar Halifa, da miƙa kyaututtuka, da kula da sha'anin malamai, duk an ɗora su a wuyan Ahmad Ibn Fadlan.

Sun ratsa Buhara, suka yi zaman hunturu a Jurjaniyya ta ƙasar Hawarizm, sannan suka keta ƙasar Turkawa makiyaya, suka isa a watan Muharram na 310. Sarki ya tarbe su da girmamawa, har ya ɗauki sunan Ja'afar, sunan Halifa, aka riƙa ambatonsa da shi a huɗuba.

Sai dai wasiƙar ta ambaci dinari 4,000 na ginin ganuwa, kuɗin kuwa ba su zo ba. An shirya karɓo su ne daga wata gandu a Hawarizm, mai kula da ita ya yi makirci, tawagar ta wuce hannu rabbana. Sarki ya tsare Ibn Fadlan da tambaya, ya nuna masa cewa wanda bai isar da amanar dukiya ba, da wuya a karɓi addini daga bakinsa.

Abin ya taɓa har salla. Da farko Ibn Fadlan ya sa ladanin sarki ya daina maimaita lafuzzan iƙama sau biyu, ya bi yadda ake yi a fadar Halifa. Bayan rikicin kuɗin, sarki ya umarci ladan ya koma ga yadda ya saba, hujjar malamin ba ta ƙara yin tasiri ba.

Ibn Fadlan ya rubuta wannan duka a Risalarsa, bai ɓoye kunyar da ya sha ba. Yaƙutul Hamawi ya ciro sassanta a Mu'ujamul Buldan, aka kuma gano kwafi mafi cika a Mashhad a 1923. Mutanen Bulgar sun tabbata a kan Musulunci, amma labarin ya bar wa masu da'awa darasi: mai kai saƙon addini, ana auna maganarsa da alkawarin da ya cika.