Tuffa

tuffa (suna, mace, daga Larabci, wasu kan ce aful). Ɗan itace mai zagaye, ja ko kore ko ruwan ɗorawa, cikinsa fari mai garɗi. Asalinta duwatsun Kazakistan ne, wajen birnin Almaty, daga nan fatake suka kai ta Farisa da Turai. Itacenta sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure, shi ya sa ba ta yi a ƙasar Daura, inda magarya da kanya da goruba ke mulki. A Najeriya sai tsaunukan Jos da Mambila ake ɗan noma ta. Yawancin wadda ake gani a tiren masu talla daga Afirka ta Kudu take zuwa.

Ire-irenta sun kai dubbai. Granny Smith, koriya mai tsami, ta fito daga Ostareliya a 1868, ita ce ta girki domin ba ta dagargajewa a wuta. Fuji ta Japan zaƙi gare ta, ɗanyarta ake ci. Mu dai ba ma dafa tuffa: ta gaida marar lafiya ce, ko buɗa baki da azumi.

Misali: Ya kai wa Inna tuffa asibiti.