Yadda ake gane yoyon mai da ma'anar hayaƙin salansa a lokacin hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kaɗowa daga hamadar Sahara ɗauke da ƙura da sanyin asuba. A wannan lokaci ne direbobin da ke bin hanyar Anka zuwa Daki Takwas da Gummi, da masu shiga ƙauyukan Bukkuyum da irin su Tungar Daji, suke yawan ganin farin hayaƙi a bayan mota da ɗigon mai a ƙarƙashinta. Ba kowane ne ke nufin inji ya lalace ba, amma a yankin da matsalar tsaro ta sa lalacewar mota a daji ta zama haɗari ga rai, wajibi ne direba ya iya bambancewa tun kafin ya bar gida. Abubuwa uku ne ma'auni: launin abin da aka gani, lokacin da yake fitowa, da ko man inji ko ruwan lagireto na raguwa.

Farin hayaƙi

Ƙonewar lita ɗaya ta fetur na samar da kusan lita ɗaya ta ruwa, wanda ke fita a matsayin tururi. Da rana ba a ganinsa, amma da sanyin safiya yana bayyana kamar numfashin mutum. Idan sirara ne, yana bajewa nan take, kuma ya ɗauke bayan inji ya ɗau zafi, babu abin damuwa. Idan kuwa mai kauri ne, bai daina ba bayan tafiyar minti 15, kuma ruwan lagireto na raguwa, to alama ce ruwa na shiga cikin silinda, galibi saboda gasket ɗin kan inji ya ƙone. A duba baƙin mai: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Kada a buɗe lagireto inji na da zafi.

Shuɗin hayaƙi

Wannan na nufin inji na ƙona baƙin mai. Idan yana fitowa ne kawai da an tayar da mota da safe, sannan ya ɓace, mafi yawa robobin bawul ne suka tsufa, mai ke tsiyaya cikin silinda cikin dare. Idan kuma yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, to zargi na komawa kan ringin fistin, wanda gyaransa ya fi tsada domin sai an kwance inji.

Baƙin hayaƙi

Shi kuma yana nuna fetur ko gas ya fi iska yawa. A hunturu, abin da za a fara dubawa shi ne matacin iska, domin ƙurar hanyoyin da ba kwalta na toshe shi da wuri. Idan an canza shi hayaƙin bai daina ba, sai bakanike ya duba nozul da fulogi.

Gano inda mai ke yoyo

Sanyi na sa tsofaffin robobi su ƙanƙance su yi tauri, shi ya sa yoyon da ba a lura da shi da bazara ba kan bayyana yanzu. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin mota da daddare, a duba da safe. Baƙi ko ruwan ƙasa man inji ne. Ja yawanci man giyar atomatik ne ko na sitiyari. Mai haske kamar man gyaɗa kusa da taya na iya zama man birki, kuma wannan ba a tafiya da shi ko taku ɗaya.

Ƙurar hunturu ma na taimakawa, domin tana manne wa duk inda mai ya jiƙa. A wanke inji, a yi 'yar tafiya, sannan a nemi wuri mafi sama da ya jiƙe, tunda mai ƙasa yake gangarowa. Wuraren da aka fi samu su ne murfin saman inji, bakin filtar mai, da notin da ake kwancewa wajen juye.

Awo da zaɓen mai

A auna mai a wuri mai daidai, inji a kashe. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamomi biyu na sandar awo kusan lita ɗaya ce, don haka wanda ke dubawa kowane mako zai san yawan abin da motarsa ke sha. Lambar da ke gaban harafin W a jikin galan, kamar 10W-40 ko 20W-50, tana nuna kaurin mai a sanyi: ƙaramar lamba ta fi saurin zagaya inji da asuba. A bi abin da kamfanin motar ya rubuta, a kuma guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba.

Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji da zarar an sami wurin tsayawa, domin mintuna kaɗan sun isa ya buga. Haka nan kada a bar mota na aiki a rufaffen gareji da sunan ɗumama ta, saboda hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa. Rigakafi dai ya fi magani, musamman ga mai shirin bin doguwar hanya.