Ruwan da Ya Ci Ramukan Kwal na Inugu

Kwal ne ya haifi Inugu. An gano shi a tsaunukan Udi cikin 1909, jirgin ƙasa kuma ya fara kai shi Fatakwal a 1916. Akan ɗora laifin durƙushewarsa kan man dizal, alhali ruwa ma ya yi tasa ɓarnar. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ma'aikata suka watse, injunan zuƙar ruwa suka tsaya cik. Waɗanda suka koma duba ramukan bayan 1970 sun tarar ruwa ya malale su, mai tsami kuwa, irin wanda ke cinye bututu da famfo. Ko bayan an rufe ramin Onyeama, ruwan nan bai fasa tsiyaya cikin kogin Ekulu ba.