Cutar kwamfuta a aljihu ta shigo Matameye

Kwanan baya wani ƙanena ya sayo kwamfuta 'yar gwanjo daga Kano, ya ce: "Yaya, wane antibirus zan sa?" Kafin na ba shi amsa sai da na tuna yadda wannan cuta ta iso garinmu.

Ƙwayar cuta ta farko da ta yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM, wato Brain, ta fito ne daga Lahore ta Pakistan a 1986, aikin wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Alvi. A kan faifai take bi daga hannu zuwa hannu. Haka mu ma ta same mu. Lokacin da ILOVEYOU ta gigita ofisoshin duniya ta imel a shekarar 2000, nawa ne a Matameye ke da imel? Tamu a aljihu ta zo, cikin kile, abin da 'yan Najeriya ke kira filash.

Ni ganau ne. Na taɓa kai kilena wani shagon buga takardu, na dawo na tarar duk fayilolina sun ɓace, sai gajerun hanyoyi marasa buɗuwa. Aikin wata uku! Daga baya wani masani ya nuna mini ɓoye su kawai aka yi, amma daren nan ban runtsa ba. Alhali kuwa akwai Avast a kwamfutar shagon, sai dai ta shekara ba a sabunta ta ba saboda tsadar intanet. Mai gadi ne da bai san fuskar sababbin ɓarayi ba. Shi ya sa Smadav, 'yar ƙaramar manhajar Indonesiya mai duba kile, ta karɓu a shagunan Damagaram.

Abubuwa sun sauya. Tun Windows 7 a 2009 kile ya daina buɗe manhaja da kansa, kuma daga Windows 8 a 2012 Microsoft ta haɗa cikakken antibirus kyauta, Defender, cikin tsarin. Mai kwamfutar da ke samun sabuntawa, a ganina, ba ya buƙatar sayen wani, balle ya ɗora biyu suna kokawa, injin yana nishi.

Matsalar ita ce kwamfutocin da ke hannunmu. An daina tallafa wa Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a Oktoban 2025. WannaCry, wadda ta tsayar da asibitocin Ingila a Mayun 2017, ta bi wata ɓaraka ce da aka riga aka fitar da facinta tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ta kama.

Da na kunna ta ƙanena, Windows 7 ce, cike da manhajojin sata da mai shago ya zuba masa kyauta, har da antibirus na sata. Na ce ya fara kwashe takardunsa zuwa kile biyu, ranar Asabar mu goge ta ƙaƙaf.