Asalin Kafasita: Daga Kwalbar Ruwa Zuwa Gawayi

In ka taɓa leƙa cikin tsohon akwatin rediyo a teburin mai gyara, ka ga waɗansu 'yan gwangwanaye a tsattsaye kamar rumbuna a tsakar ƙauye. Su ake kira kafasita. Wadda ta mutu sau da yawa ba ta ɓuya, sai ka ga kanta ya kumbura, akwatin kuwa ya yi ta gurnani.

Asalinta kwalba ce. A 1745 wani malamin coci Bajamushe, Ewald von Kleist, ya soka ƙusa a bakin wata 'yar kwalba, ya ɗura mata lantarki. Da ya taɓa ƙusar, sai ya ji an fizge shi. Ba a daɗe ba Pieter van Musschenbroek ya yi irin wannan da kwalbar ruwa a garin Laidin na ƙasar Holan. Shi kam ya sha ta ainun, har ya rubuta wa wani abokinsa a 1746 cewa ko za a ba shi ƙasar Faransa kacokan ba zai sake ba. Daga nan mutane suka gane ashe wutar nan tana ajiyuwa.

To, me ya kai ta cikin rediyo da caja? Wutar gida ba a miƙe take zuwa ba, kai da komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa a ƙasashenmu, sau 60 a Amurka. Ko an juya ta ta fuskanci gefe guda, tudu-tudu take fitowa, 100 ko 120 a daƙiƙa. Kwatanta mai jan ruwa a rijiya: guga na zuwa jefi-jefi, amma in ana juyewa a randa mai 'yar huda a gindi, ruwan zai riƙa tsiyaya ba yankewa. Aikin kafasita ke nan. Irin ta alminiyam, wadda Karol Pollak ɗan Folan ya share wa hanya wajen 1896, ita ke riƙe da wannan aiki har yau. Komai na cikin na'ura ya ƙanƙance, ita ta ƙi.

Sai masana suka koma ga gawayi. Gawayin ƙoƙon kwakwa, in an gyara shi, giram ɗaya kan ƙunshi filin da ya haura murabba'in mita 1,000 a cikin 'yan ramukansa. A 1957 wani injiniyan General Electric mai suna Becker ya yi rajistar dabarar yin kafasita da gawayi, a 1978 kuma kamfanin NEC na Japan ya kai ta kasuwa. Da wannan fili, ajiyar caji kam ba magana. Sai dai ramukan sun yi kama da lungunan tsohon birni, kafin caji ya shiga ya fito an ci kasuwa an watse, balle a ce ya yi haka sau 120 a daƙiƙa.

Maganin ya zo a 2010. John Miller da abokan aikinsa a Amurka suka tsirar da girafin, wato kabon, sinadarin gawayi, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, a kan ƙarfen nikel. Ba su kwantar da shi ba, a tsaye suka bar shi kamar ganyen albasa a fadama, kowane rami bakinsa a buɗe. A ganina hikimar duk a nan take, don kabon ɗin bai sake ba, tsayuwarsa ce ta sake. Caji ya riƙa shiga yana fita cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ba. A 2022 kuma masana a Hefei ta ƙasar Sin suka saƙa 'yan bututun kabon kamar raga don wannan aiki.

Saura ƙiris, amma ƙiris ɗin da nauyi. Kafasita ɗaya ta kabon ba ta jure fiye da 'yan bolt kaɗan, sai an jera da yawa, alhali ta alminiyam na ɗaukar ɗaruruwa ita kaɗai. Shi ya sa in ka fasa cajarka yau, gwangwanin nan za ka tarar. Ka dai yi hattara da ƙafafunsa, ko an zare waya daga soket yana iya fizgarka.